Gungume na Biyu

Akwai wani mutum masassaƙi a wani ƙauye da ke gindin dutse. Yakan sassaƙa turame da kujerun mata, amma da ganga aka san shi. Ubansa ma aikin da ya yi ke nan har ya mutu. Mutumin ba mai yawan magana ba ne. In gari ya waye sai ya rataya gizagonsa a kafaɗa, ya gangara bayan gari wurin wata tsamiya a bakin rafi, inda ubansa ya yi aiki. Ba mai bi ta can sai masu kiwo jefi-jefi.

Ga yadda aikin ganga yake, domin wanda bai sani ba ya sani. Ana yanko gungumen ice, a sassaƙe bayansa, sa'an nan a rarake cikinsa. Bayan ba wuya, gama ido yana gani. Cikin ne aikin. Ido ba ya ganin kaurin jikin ganga a tsakiya, hannu kuma ba ya iya auna shi. In aka bar shi da kauri, gangar ba za ta yi murya ba. In aka rage fiye da kima, ta fashe. Saboda haka masassaƙi yakan yi sara uku ko huɗu, ya tsaya, ya ƙwanƙwasa jikin icen da gaɓar yatsa, ya kasa kunne. Inda akwai sauran kauri, icen yakan amsa a daƙile, kamar an buga ƙasa. Inda ya kai, yakan amsa da zurfi, kamar tulun da ba ruwa. Inda ya kusa hujewa, amsar takan yi siriri, kamar busasshiyar ƙwarya. Tsakanin ya kai da ya huje, sara biyu ne kawai. Kunne ne yake tsai da hannu.

To, a ƙofar ɗakin sujada na ƙauyen akwai wani babban icen alilliba. A ƙarƙashinsa ne iyayen garin da suka fara ba da gaskiya suka yi ta yin sujada kafin su gina ɗaki. Wata shekara iskar farkon damina ta kayar da shi. Dattijon ikilisiya, wani tsoho da ake kira Baba Istifanus, ya ce ba za a yi makamashi da icen nan ba. Aka sa gatari. Gindin ya ruɓe, saman kuma duk rassa ne, gungume biyu kaɗai aka samu masu kyau. Aka jingine su a inuwa har suka bushe sarai.

Da ya rage wata guda a yi godiyar kaka, Baba Istifanus ya aika aka kira masassaƙin. Ya ce masa, “Ɗana, ɗauki gungume ɗaya ka yi mana babbar ganga. Muna so a fara buga ta ranar godiya. Na biyun kada a taɓa shi. Na 'ya'yanmu ne, ranar da tamu ta tsufa su ma su sami abin yi.”

Masassaƙin ya ce, “To, Baba.”

Mutumin nan kuwa yana da wani taubashi, sunansa Gayus, mai injin niƙa a bakin kasuwa, daidai inda sabuwar hanya ta ratsa. Gayus mutum ne mai fara'a da yawan baki, kuma tun suna yara ba ya ganin masassaƙin ya ƙyale shi. Da ya ji labari sai ya tare shi a hanya.

Ya ce, “Kai bawana, na ji an ba ka icen ikilisiya.”

Masassaƙin ya ce, “An ba ni.”

“To ina za ka kai shi? Kada ka ce mini gindin tsamiyar nan. Shekara talatin kana yi wa ƙadangaru sassaƙa, ko ɗaya bai taɓa ce maka sannu da aiki ba.”

“Ko ɗaya kuma bai taɓa cika ni da surutu ba.”

Gayus ya yi dariya ya ce, “Kawo shi nan. Ga rumfa kusa da injina ba kowa. Bari mutane su gan ka da idonsu. Ka san rabin yaran garin nan suna tsammani daga birni ake kawo gangunanka, kai ɗan dako ne kawai?”

Maganar ta shige masassaƙin. Ya kwana da ita, ya tashi da ita. Da safe ya sa aka ɗora gungumen a amalanke aka kai rumfar kasuwa.

Wurin nan ba ya shiru daga safe har faɗuwar rana. Injin Gayus yana ta tat-tat-tat. Mai maganin basir yana da lasifika, yana ta maimaita magana guda. Mai shayi ya ƙure rediyonsa. Babura suna wucewa suna busa ƙaho ko ba kowa a gabansu. Ga masu dara a gefe suna musu. Da mutane suka ga abin da ba su saba gani ba, sai suka kewaye rumfar. Kowa ya zama gwanin sassaƙa. Wannan ya ce a ƙara nan, wancan ya ce a rage can, wani kuma ya ce kakansa ya fi haka sauri.

Kwanakin da ya yi yana sassaƙar bayan gungumen, ba abin da ya ɓaci. Gizago yana ci, ɓawo yana tashi, mutane suna cewa, “Kai, mutumin nan gwani ne!” Abin ya yi masa daɗi, gama bai taɓa jin haka ba a gindin tsamiya.

Da ya shiga rarake ciki, ya yi sara huɗu, ya tsaya, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Bai ji kome ba. Ya manna kunnensa a jikin icen ya sāke ƙwanƙwasawa. Injin kawai ya ji, har cikin icen. Sai ya ɗaga murya ya ce, “Gayus! Kashe abin nan na ɗan lokaci.”

Gayus ya leƙo, fuskarsa duk gari, ya ce, “In kashe? Dubi layin matan nan. So kake su niƙa ni a maimakon dawa?”

Aka yi dariya. Masassaƙin ya ce a ransa, “Shekara talatin ina wannan aiki. Hannuna ya sani.” Ya ci gaba da sara.

Bai daina ƙwanƙwasawa ba kuwa. Ya lura duk sa'ad da ya ƙwanƙwasa ya karkata kai, sai mutane su taɓa juna suna cewa, “Ku duba, yana magana da ice.” Saboda haka ya riƙa yi fiye da dā. Ya ƙwanƙwasa, ya gyaɗa kai kamar ya ji wani abu, ya ɗauki gizago.

Ya gama a kwana goma sha shida. Ya goge jikin gangar har tana sheƙi. Ya sa ƙarfe a wuta ya zana mata zangarniyar dawa da kurciyoyi kewaye da ita, abin da bai taɓa yi wa wata ganga ba. Duk wanda ya gani ya ce ba a taɓa yin irinta a ƙasar ba.

Ranar ɗaurin fata kasuwa tana ci. Aka kawo fatun akuya da aka jiƙa, aka rufe bakin nan biyu, aka zura tsirkiya, wato igiyar fata da ake jan ganga da ita. Baba Istifanus ya zo da sandarsa ya zauna a kan benci. Ƙarfafa biyu suka kama ja. Suka ja na fari, suka ja na biyu. A ja na uku sai aka ji ƙas! Gefen gangar ya dare tun daga baki har tsakiya, ya lotsa ciki.

Baba Istifanus ya miƙa hannu aka ba shi ɓallin da ya fita. Ya juya shi. Bai fi kaurin ƙwarya ba. Ya sa hannu ya taɓa ɗaya gefen, ya ji shi da kauri kamar turmi. Ya daɗe yana riƙe da ɓallin, sa'an nan ya ce, “Icen iyayenmu.”

Nan take surutu ya tashi. Waɗanda jiya suke cewa gwani, yau su ne masu cewa dā ma sun ga alama. Wani ya ce a ɗauki gungume na biyu a kai wa masassaƙan birni, kada a yi asara biyu. Da yawa suka goyi bayansa. Baba Istifanus ya dogara sandarsa ya tashi, ya dubi masassaƙin ya ce, “Gobe da safe ka zo ka faɗa mini abin da ya faru. In ka san abin da ya faru, zan ba ka na biyun. In ba ka sani ba, ba zan ba ka ba.”

Mutumin ya koma gida da la'asar, ya tarar da matarsa Liyatu tana tsince wake a faifai. Ya jefar da gizago ya zauna. Ya ce icen ne ya tsufa da yawa. Ya ce masu jan tsirkiya ne suka ja kamar masu jan saniya. Ya ce Gayus ne da injinsa. Liyatu ba ta ɗaga kai ba har ya gama.

Sai ta ce, “Baban Keziya, ranar Laraba na kai niƙa, na tsaya na kalle ka.”

Ya ce, “To?”

“Na ga kana ƙwanƙwasawa. Amma idonka yana kan mutane.”



Ta ƙara da cewa, “Ka ji amsar icen?”

Ya ce, “Ban ji ba.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar da na shiga cikinsa.”

Ta ture tsakuwa daga cikin waken, ta ce, “To don me ka ci gaba da sara?”

Ta tashi ta ɗora tukunya.

Da safe ya tafi gidan Baba Istifanus, ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce, “Baba, icen bai yi laifi ba. Masu ja ma ba su yi ba. Icen ya yi magana, ni ne na kai shi inda ba zan ji ba. Da na ga ba na ji, kunya ta hana ni tashi.”

Tsohon ya dube shi ya ce, “Ka sani ke nan. Je ka ɗauka. Saura kwana goma sha biyu. Ka tuna, rabon 'ya'yanmu na ba ka, kuma bayan wannan babu wani. Ni zan amsa wa ikilisiya.”

Aka ɗora gungume na biyu a amalanke, aka gangara da shi bakin rafi, aka sauke a gindin tsamiya. Masu amalanke suka tafi. Mutumin ya zauna, ya ƙwanƙwasa icen, ya kasa kunne.

Bai ji kome ba.

Ba inji a wurin, ba rediyo, ba mutum ko ɗaya. Duk da haka kunnensa cike yake. Yana jin tat-tat-tat. Yana jin mai maganin basir. Yana jin ƙas ɗin nan, da surutun da ya biyo baya. Fiye da duka yana jin muryar kansa, tana ta shirya amsar da zai ba wane da wane in gangar ta yi kyau. Tsoro ya kama shi, ya ce ko kunnen nasa ya mutu ke nan. Hannunsa ya kai kan gizago, gama kwanaki suna tafiya. Sai ya tuna da tambayar matarsa, ya janye hannun. Ranar nan bai yi sara ko ɗaya ba.

Kashegari ma haka. Da rana ta take sai ga Gayus da ƙosai a takarda, gama abin da ya faru ya ɗan dame shi, ko da yake ba zai faɗa ba. Ya tarar da mutumin zaune, gungume yana nan da ɓawonsa.

Ya ce, “A'a! Bawana, gadin ice aka ba ka? Ko jira kake ya haifi ganga?”

Masassaƙin ya ce, “Injinka nake jira ya mutu.”

“Injina yana can kasuwa.”

“Yana nan cikin kaina.”

Gayus ya zauna a kan saiwa ya ce zai taya shi jira. Bai kai a ci ƙosai biyu ba ya fara motsi. Ya yi tari, ya yi fito, ya ce, “Kai, wurin nan kamar makabarta. Mutum har numfashinsa yake ji. Ka san a gari ana cewa ka haukace?”

“Ajiye ƙosan. In za ka tafi, ka tafi da bakinka.”

Gayus ya tafi yana dariya.

A rana ta uku da hantsi, mutumin yana zaune sai ya ji kurciya tana kuka a kan tsamiyar. Ya ɗaga kai. Tun shekaranjiya tana nan, bai ji ta ba sai yanzu. Can sai ya ji ruwa yana bi ta tsakanin duwatsu. Ya ji busasshen ganye ya faɗo. Sai ya matsa kusa da gungumen ya ƙwanƙwasa, icen kuwa ya amsa.

Bai yi garaje ba. Ya bi jikin gungumen yana ƙwanƙwasawa tun daga kai har gindi, ya juya shi, ya sāke bi. A gefe guda, wuri kamar faɗin tafin hannu, amsar ta bambanta. Ya maimaita sau uku, haka dai. A wurin ne wani reshe ya taɓa mutuwa tun dā, ɓawo ya rufe shi, cikin ya yi taushi. Daga waje ba alama ko kaɗan. Da a kasuwa ne, da gizago ya faɗa wurin, da ikilisiya ta rasa gungume biyu. Ya ɗauki gawayi ya kewaye wurin, domin ya bar masa kauri.

Sa'an nan ya fara sara. Sara uku, ya tsaya, ya saurara. In ya kama kansa yana tunanin abin da mutane za su ce, sai ya ajiye gizago har tunanin ya wuce. Liyatu takan kawo masa abinci, ta ajiye, ta juya, ba ta ce uffan. Kwana shida ya yi yana aikin, ban da Lahadi. Ranar da ya ƙwanƙwasa ko'ina ya ji amsar ta zama ɗaya, mai zurfi, sai ya goge bakin gizagonsa ya rataye shi a reshe. Ba lokacin zane. Aka ɗaura fata a nan bakin rafi, aka ja tsirkiya har ta yi tsam, icen bai ce kome ba. Aka bar ta ta sha iska.

Ran Asabar, jajiberin godiya, Baba Istifanus ya gangaro da dattawa biyu. Suka ga ganga ba ado, ba sheƙi, har da sauran shatin gawayi a gefe. Ɗaya daga cikin dattawan ya taɓe baki ya ce, “Waccan ta fi kyau.”

Baba Istifanus ya ce, “Ba kallo muka zo ba. Buga mu ji.”

Masassaƙin ya rataya gangar, ya ɗauki makaɗi, ya buga sau ɗaya. Muryar ta fita da nauyi, ta bi rafi, ta bugi dutse, ta dawo. Ya buga kuma. Masu yankan dawa a hayin rafi suka miƙe tsaye da laujensu a hannu. A kasuwa kuwa injin Gayus yana kan aiki, gama mata sun yi layi da niƙan biki. Sai Gayus ya ji wani abu a ƙirjinsa kafin ya ji shi a kunne. Ya sa hannu ya kashe injin da kansa, ba wanda ya roƙe shi. Matan ba su yi masa faɗa ba. Mai shayi ya rage rediyo. Kasuwa duka ta tsaya tana saurare.

Gayus ya share garin fuskarsa ya ce, “Bawana ne. Ku ji shi. Ƙadangarun nan ashe sun iya koyarwa.”

Ma'anar wannan misali ita ce.

Icen nan shi ne abin da Allah ya sa a hannunka ka yi. Ba kai ka shuka shi ba, ba ka aka yi. Kuma ba shi da yawa. Kwanakinka ƙidayayyu ne, ƙarfinka ma haka. Mutumin nan ya sami gungume na biyu, wannan alheri ne. Ba a yi masa alkawarin na uku ba.

Masassaƙin kuwa kai ne, ke ce. Kada wani ya ce shi ba ya sassaƙa. Mai haɗa wa mawaƙa sabuwar waƙa yana sassaƙa. Mai shirya wa'azi yana sassaƙa. Haka tela da zai yanka yadin da ba nasa ba, da mai saƙa, da magini, da ɗalibi mai rubutu, da uwar da take neman kalmar da za ta faɗa wa 'yarta ta shiga zuciyarta. Duk aikin da ake fito da abin da dā babu shi yana da ciki, cikin kuma ba a ganinsa da ido. Sai an saurara.

Rumfar kasuwa ita ce zamanin nan. Mu da muka tsufa mun san lokacin da in kana son surutu sai ka taka ka je inda yake. Yanzu kasuwar tana cikin aljihunku. Da ita kuke tashi, da ita kuke cin tuwo, har gona kuke zuwa da ita a toshe a kunne. Yaro ya zauna zai haɗa waƙa, kafin ya sami layi biyu ya duba waya sau goma. Sa'an nan ya zo ya tsaya a gaban ikilisiya da waƙar da ya tsinto rabi nan rabi can, yana mamaki don me ba ta taɓa kowa ba. Ba za ta taɓa ba. Shi ma ba ta taɓa shi ba, gama bai zauna da ita ba.

Ku lura, Gayus ba Shaiɗan ba ne. Injinsa yana da amfani, in babu shi ba tuwo. Kasuwa ma tana da ranarta. Ba a ce ku ƙi mutane ba, ba a kuma ce ku jefa waya a rijiya ba. Bayan ganga ana iya sassaƙa shi a gaban kowa. Cikin ne ba a yi a can. Laifin mutumin nan shi ne ya ɗauki aikin bakin rafi ya kai bakin hanya, domin yana so a gan shi.

Wurin da ya fi ba ni tsoro a misalin nan shi ne, bai daina ƙwanƙwasawa ba. Yana yin duk abin da gwani yake yi, abu ɗaya kawai ya rasa, ba ya ji. Haka wasunmu. Muna rufe ido, muna sunkuyar da kai, muna cewa mu yi addu'a, amma kunnenmu yana kan wanda yake kallonmu. Mu faɗa wa Allah namu da sauri, mu ce amin, mu tashi, ba mu tsaya ko kaɗan mu ji ko yana da nasa ba. Har a ɗakin sujada ma mun ƙure lasifika kamar Allah kurma ne. In aka yi shiru na minti ɗaya sai a ɗauka wuta ce aka ɗauke.

Ubangijinmu kansa, da taro ke binsa ko'ina, yakan bar su ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a. Ba don ya ƙi su ba ne, gama daga can yakan dawo da abin da zai ba su. Kun kuma san labarin annabin da ya tsaya a kan dutse. Aka yi iska, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, duk bai sami Allah a cikinsu ba, sai da kome ya lafa. In haka ne ga waɗannan, kai wane ne da za ka ce hannunka ya sani?

Kwana biyun da mutumin ya yi zaune ba lalaci ba ne. Aiki ne, kuma shi ne mafi wuya. Ranar da ka fara keɓe kanka, kada ka yi tsammani za ka sami shiru nan da nan. Kasuwar za ta bi ka. Za ka ji tsofaffin faɗa, da abin da wane ya ce, da abin da ya kamata ka mayar masa. Da yawa a nan suke tashi, su ce abin ba ya yi. Zauna. Ruwan da aka dama ma sai an bar shi yake kwantawa. Mutane za su ce ba ka yin kome. Bari su ce.

In shirun ya zo, ba daɗi kaɗai yake kawowa ba. Shi ne ya nuna wa masassaƙin wurin da ya yi taushi a cikin icen. Kai ma zai nuna maka naka, girman kan da ɓawo ya rufe, ko ƙaryar da ke cikin aikin da kowa yake yabo. Shi ya sa wasu ba sa son shiru, sun san abin da za su ji. Amma gara ka ji shi kai kaɗai a gindin tsamiya, da a ji shi ƙas a tsakiyar kasuwa.

Saboda haka ga abin yi a makon nan. Kowa ya nemi tsamiyarsa. Ko bayan rumbu ne, ko kan dutse, ko ɗakin sujada sa'ad da ba kowa. Ka bar wayar a gida. Ka tafi da aikinka da zuciyarka, ka zauna rabin sa'a ba ka ce kome ba. In ba ka ji kome ba, ka koma gobe. Kada ka yi sara sai ka ji. Ku iyaye kuma, in kun ga yaro ya zauna shiru yana tunani, ba kullum ba ne za a ce tashi ka nemi abin yi. Wataƙila yana kan yi.

A ƙauyen nan ba abin da ya kai gangar nan ƙara. Ta fi inji, ta fi lasifika, ana jinta har hayin rafi. A wurin da ba a jin kome sai kurciya aka yi ta. Ta farin kuwa, mai sheƙi da zanen dawa, wadda gari duka ya yaba, Liyatu ta ɗauke ta ta kai bayan ɗaki, ta zuba mata ƙaiƙayi. Kaji ne suke ƙwai a ciki.

Allah ya ba mu kunne kafin mu ɗaga gizago. Amin.